Sayen Gida da Bashin Jingina a Amurka

Duk wanda ya tashi a Kano, ko Damagaram, ko zangon Kumasi, ya san yadda magidanci yake mallakar gida a wurinmu: ya sayi fili ya kewaye shi, bana ya sauke bulo ɗari biyar ya jibge a kusurwa, baɗi ya haƙa harsashi, in kasuwa ta yi kyau ya kai linta, in ta juya baya ya bar ginin ciyawa ta tsiro a ciki, har ranar da Allah ya nufa ya buga kwano ya tare da iyalinsa, ko da ɗaki biyu ne babu filasta, ba wanda yake binsa ko anini. To, wannan hanya, duk da albarkar da ke cikinta, ba ta ɓullewa ga 'yan'uwanmu da neman halali ya kai su Amurka, domin a can hukuma ba ta yarda mutum ya tare a ginin da ba a kammala ba, kuma farashin gida ya fi ƙarfin abin da mai albashi zai tara a hannu. Mafi yawan masu saye da kuɗin banki suke saye, su jinginar da gidan ga bankin, su yi ta biya wata-wata har shekara talatin. Wanda zai ɗaura wa wuyansa igiya mai wannan tsawo, wajibi ne ya san abin da banki zai auna kafin ya ba shi, ya kuma riga bankin aunawa.

Ita jingina ba baƙuwa ba ce gare mu. Almajirin da ya sauke Risala ya wuce ta babin da aka haɗa shuf'a da kyauta da hubusi da rahani, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a hannun wani Bayahude saboda abincin da ya karɓa wa iyalinsa. Bambancin kawai shi ne, a tamu jinginar mai ba da bashi ne yake riƙe kayan, a tasu kuwa kai ne za ka zauna a gidan, sunanka ne a takardar mallaka, shi banki sai ya rubuta haƙƙinsa a ofishin rajistar ƙasa na gundumar, ta yadda in ka gaza biya yana da ikon bin hanyar da dokar jihar ta tanada ya sa a yi gwanjon gidan.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya zauna da alƙalami ya lissafa, tun bai leƙa gidan kowa ba, shi ne yadda biyan wata-wata yake rabuwa tsakanin uwar kuɗi da kuɗin ruwa, domin a nan ne mafi yawan mutane suke shan mamaki bayan aikin gama ya gama. A ɗauka mutum ya ranci dala 300,000 a kan ruwa kashi 6.5 cikin 100 a shekara, zai biya cikin shekara 30. Abin da zai riƙa bayarwa kowane wata dala 1,896 ne. Amma a watan farko dala 1,625 daga ciki ruwa ne zalla, dala 271 kacal ce take rage bashin, saboda ana lissafa ruwan ne a kan abin da ya saura, abin da ya saura kuwa a farkon tafiya shi ne dukkan kuɗin. In ya yi shekara goma bai taɓa fashi ba, ya zuba abin da ya haura dala 227,000, sai ya tarar har yanzu ana binsa kimanin dala 254,000. In kuwa Allah ya ja kwanansa ya kai ƙarshen shekara talatin, jimillar abin da ya biya ta haura dala 682,000, watau ruwan ya fi uwar kuɗin yawa. Da zai ɗauki bashin nan a kan shekara 15 da wannan ruwan, biyan wata zai hau zuwa dala 2,613, amma ruwan da zai biya gaba ɗaya zai sauko zuwa kimanin dala 170,000, alhali ma bisa al'ada ruwan bashin shekara 15 yakan yi ƙasa da na shekara 30. Ni a ganina, wanda ba shi da tabbacin ƙarfin aljihunsa gara ya ɗauki na shekara talatin, sa'an nan duk watan da ya sami sarari ya ƙara wani abu, ya rubuta wa bankin a fili cewa ƙarin nan a kan uwar kuɗi za a sa shi. Ta haka ya rage shekarun ba tare da ya wajabta wa kansa abin da wata rana zai gagare shi ba.

Shi kansa ruwan ba a tsaye yake ba. Kamfanin Freddie Mac, wanda yake bin diddigin farashin nan mako-mako tun 1971, ya rubuta kashi 18.63 a watan Oktoba na 1981, ya rubuta kashi 2.65 a Janairun 2021, sa'an nan kafin shekara uku ta cika, a Oktoban 2023, abin ya koma kashi 7.79. Saboda haka ne ake da bashi iri biyu: mai tsayayyen ruwa, wanda abin da aka ƙulla ranar farko shi ne har ƙarshe, da mai sauyawa, wanda ake kwaɗaita wa mutum da rangwame na shekara biyar ko bakwai, bayan nan ya bi kasuwa duk inda ta nufa. Irin wannan na biyun yana cikin abin da ya raba ɗimbin mutane da gidajensu a rikicin tattalin arziki na 2008, kuma ban ga hikimar ɗaukarsa ga mai iyali da ya yi niyyar zama ba.

Na san mai karatu Musulmi tun ɗazu yake jira in zo ga maganar da ta fi damunsa, watau hukuncin wannan ruwa. Haramcin riba a fili yake, ba ya bukatar in tsaya kafa hujja. A 1999 Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai, ƙarƙashin shugabancin Shaihu Yusuf al-Ƙardawi, ta yi rangwame ga Musulmin da ke zaune a ƙasashen Yamma wanda ba shi da gidan kansa, ba shi da wata mafita, kuma gidan zama yake nema ba na kasuwanci ba, ta jingina fatawar ga ƙa'idar lalura da bukata. Malamai da yawa kuwa suka ƙi wannan fatawa, suka ce gidan haya ya kawar da lalurar. Wannan saɓani ne da mutum zai kai wa malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, ba dillalin gidaje ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne a Amurka akwai kamfanonin da suka kafu domin kauce wa riba: Lariba a Kalifoniya tun 1987, Guidance Residential tun 2002, UIF a Mishigan, da sashen Musulunci na bankin Devon a Shikago, hukumar da ke sa ido kan bankunan tarayya ma ta amince da ijara a 1997, da murabaha a 1999. A murabaha kamfani ne zai sayi gidan ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi. A ijara haya kake biya har mallaka ta dawo hannunka. A musharaka mai raguwa kuwa ku biyu ne kuka yi tarayya a gidan, kana biyan ladan amfani da kasonsu kana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Kada mutum ya shiga da zaton araha zai samu, domin abin da zai riƙa biya a wata yakan yi kusa da na banki, tun da su ma farashin kasuwa suke dubawa. Abin da ya bambanta shi ne siffar ƙullin. Don haka a karanta ƙullin, a tambaya: in gobara ta ci gidan, ko hukuma ta karɓe shi don hanya, wa zai ɗauki asarar, kuma da wane kaso? In an makara da biya, tarar aljihun wa take shiga? In mutum ya so ya biya saura gaba ɗaya kafin wa'adi, me za a yafe masa? Su waye malaman da suka duba takardun, kuma ana iya ganin fatawarsu a rubuce?

Ko banki ne ko kamfanin Musulunci, awon da za su yi wa mai nema iri ɗaya ne, kuma dalilin haka shi ne mafi yawansu ba sa riƙe bashin a hannunsu. Sayar da shi suke yi ga manyan kamfanoni biyu da gwamnati take tsaya wa, Fannie Mae da aka kafa a 1938 da Freddie Mac da aka kafa a 1970, su kuwa waɗannan suna da sharuɗɗan da in ba a cika su ba ba za su saya ba. Idan ma'aikacin banki ya dame ka da neman takarda bayan takarda, sau da yawa ba ƙiyayya ba ce, wani yake tsoro a bayansa.

Farkon abin da ake dubawa shi ne abin da mutanenmu na can suke kira kiredit, watau tarihin mutum wajen cika alkawarin bashi, wanda kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, suke tattarawa, a mai da shi maki daga 300 zuwa 850. A nan akwai abin ban takaici ga mai tsantseni: mutumin da ya yi shekara goma sha biyar a Bronx ta birnin Niyok bai taɓa cin bashin kowa ba, komai da kuɗi hannu yake saye, in ya je sai a ce masa ba a san shi ba, domin ma'aunin nasu ba ya auna wanda bai taɓa ranta ba. Maganin wannan shi ne a fara shiri shekara ɗaya ko biyu kafin lokaci: a riƙa biyan kuɗin haya da na wuta da na waya ta banki, yadda za a sami shaida a rubuce, domin akwai masu ba da bashi da suke karɓar wannan a madadin maki, wanda kuma ya riƙi katin bashi, in yana biyan dukkan abin da ya kashe kafin ranar wa'adi, ba a ɗora masa ruwa. Doka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta, kuma ya kamata a karɓa a duba, domin sunayenmu suna kama da juna, ba abin mamaki ba ne a ɗora wa wani Muhammadu bashin wani Muhammadun.

Na biyu shi ne kuɗin shiga, kuma ba abin da ka faɗa da baki ake lissafawa ba, abin da ka shaida wa hukumar haraji ne. Mai albashi takardun albashinsa ake dubawa. Mai tuƙin tasi, da mai shago, da mai kitso, za a nemi takardun harajinsu na shekara biyu, a ɗauki abin da ya saura bayan sun cire ɗawainiyar sana'a. Wanda ya saba rage adadin don harajinsa ya yi sauƙi, ranar neman gida zai tarar da kansa ya yanke wa kansa ƙafa. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada ɗawainiyar gida ta wuce kashi 28 cikin 100 na abin da mutum yake samu a wata kafin haraji, kada kuma dukkan basussukansa su wuce kashi 36. Yau bankuna sukan yarda har kashi 45, wani lokaci 50. Amma fa banki bai san kana aika wa mahaifiyarka kuɗi duk wata ba, bai san kuɗin makarantar 'ya'yan ƙaninka a wuyanka yake ba, bai san azumi da layya ba. Saboda haka adadin da ya ce ka isa ka ɗauka ba shi ne adadin da ka isa ka ɗauka ba.

Na uku shi ne kafin alƙalami, da kuma inda aka samo shi. Wani ɗan ƙanwata da ke tuƙi a Niyok ya kira ni wata rana da dare, murya a sama. Ya ce, "Kawu, mutanen nan sun mai da ni ɓarawo. Kuɗina ne, gumina ne, sun ce sai na faɗi inda na samo." Ashe kwasar adashi ce ta zo kansa, dala dubu goma sha takwas, uwar adashi ta miƙo masa a cikin ambulan, shi kuwa ya kai banki ya zuba ana saura 'yan makonni a rufe ciniki. Na ce masa, "Ɗana, kwantar da hankalinka, je ka gaishe da Hajiya, ka roƙe ta littafin da take rubuta zubi." Aka yi sa'a mace ce mai tsari, kowane zubi da kwanan watansa da sunan mai shi a wani littafin makaranta mai bangon shuɗi, ta kuma yarda ta rubuta takardar shaida ta sa hannu. Abin da bai sani ba shi ne masu tantancewa suna duba bayanan asusu na wata biyu, duk wani kuɗi mai kauri da ya faɗo ba daga albashi ba sai an bayyana tushensa. Kuma ƙa'idodin Fannie Mae sun san da irin wannan tarin kuɗi na jama'a, sun yarda da shi in akwai shaida, sai dai zubin da ya rage a kanka za a lissafa shi cikin bashinka. Wanda yake da niyyar gida, to ya riƙa zubi ta banki, ya kuma sa kuɗinsa su kwanta a asusu tun da wuri. In ɗan'uwa ne ya taimaka, za a nemi ya rubuta cewa kyauta ce ba rance ba. In kuwa rance ne aka rubuta kyauta, an haɗa shaidar zur da laifin da dokar tarayya take hukuntawa.

Ba dole ne kafin alƙalamin ya kai kashi 20 ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Hukumar gidaje ta tarayya, FHA, wadda aka kafa a 1934, tana tsaya wa mai maki 580 ya saya da kashi 3.5 kawai. Sai dai wanda ya ba da ƙasa da kashi 20 galibi za a ɗora masa inshorar da take kare banki, ba shi ba, in ya gaza. A bashin da ba na FHA ba, dokar 1998 ta ba shi ikon neman a cire ta idan bashin ya sauko zuwa kashi 80 na asalin darajar gidan, kuma dole ta faɗi da kanta a kashi 78. A na FHA kuwa akwai kashi 1.75 da ake biya tun farko, da wani na shekara-shekara wanda, in kafin alƙalamin bai kai kashi 10 ba, yana nan har ƙarshen bashin sai in an sabunta shi da wani. A ƙara da kuɗin rufe ciniki, na lauya da mai kimanta gida da binciken takardun mallaka da sauransu, wanda yakan kama kashi 2 zuwa 5. A ƙara da harajin gida da inshorar gobara, waɗanda banki yakan karɓa tare da biyan wata ya ajiye amana ya biya a madadinka, kuma su suna hawa ko da ruwan bashin a tsaye yake.

Kada a tsaya ga banki ɗaya. Tun Oktoban 2015 doka ta wajabta wa kowane mai ba da bashi ya ba mai nema takardar ƙiyasi mai shafi uku cikin kwana uku na aiki, kuma fasalinta ɗaya ne a ko'ina, don a iya jera uku a kan tabarma a gwada layi da layi. Tambayoyin da bankuna suka yi a kan kiredit ɗinka cikin mako biyu ana ɗaukarsu tamkar guda.

Yanzu sai mu zo ga kondo, inda na fi so mai karatu ya ba ni hankalinsa. Kondo, kada a rikita shi da kwandon zuba kaya, shi ne sashe guda a cikin babban gini ko rukunin gidaje, wanda mutum yake mallakar cikinsa shi kaɗai, amma rufi da harsashi da matakala da na'urar hawa bene da bututun ruwa da filin ajiye motoci duk na tarayya ne tsakaninsa da sauran masu sassa, ƙungiyarsu ce take kula da su da kuɗin da kowa yake zubawa wata-wata. Malamanmu ba su jahilci irin wannan zama ba. A Risala an yi maganar gidan da wani yake da ƙasa wani yake da sama, aka ɗora gyaran ƙasan a kan mai ƙasan, har aka ce a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Abin da fuƙaha'u suka hango a tsakanin mutum biyu shi ne yake faruwa a nan tsakanin mutum ɗari biyu. Mai sayen kondo yana zaton ɗakuna uku da kicin ya saya, alhali kuwa ya shiga tarayya ce ta dukiya da mutanen da bai taɓa gani ba, ya gaji sakacinsu na shekarun da suka wuce, ya kuma ɗauki kaso a cikin bashinsu.

Farashin kondo yakan yi ƙasa da na gida mai zaman kansa, shi ya sa yake jan mai sayen farko. Amma kuɗin ƙungiya ana lissafa shi cikin ɗawainiyar wata, kuma a kan ruwan da muka yi misali da shi, dala 500 a wata daidai take da biyan bashin kusan dala 79,000. Watau kondon da aka sa wa dala 250,000 mai kuɗin ƙungiya dala 500, nauyinsa a aljihu ya kusa na gidan dala 329,000, da bambanci ɗaya: bashi yana ƙarewa, kuɗin ƙungiya kuwa ba ya ƙarewa, hawa ma yake yi. Wanda ya daina biyansa, ƙungiya tana da ikon ɗora haƙƙinta a kan sashensa, har ta kai ga gwanjo, ko da bai taɓa saɓa wa banki ba.

Duk da haka, ƙarancin kuɗin ƙungiya ya fi yawansa ban tsoro. A daren 24 ga Yuni, 2021, wani ɓangare na benen Champlain Towers South mai hawa 12, a garin Surfside kusa da Mayami a jihar Fulorida, ya rufta da mutane suna barci, rai 98 suka salwanta. An gama ginin a 1981, kuma tun 2018 injiniya ya rubuta rahoto cewa akwai babbar lalacewa a kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninƙaya. Aka yi ta ja-in-ja a kan kuɗin gyara, asusun ajiyar ƙungiya bai isa ba, sai a 2021 aka yanke cewa masu sassa za su haɗa dala miliyan 15, kason kowa daga kimanin dala 80,000 har sama da 300,000. Ba a kai ga yin babban gyaran ba ginin ya faɗi. Bayan wannan musiba Fulorida ta yi doka a 2022 ta wajabta binciken tsofaffin benaye masu hawa uku zuwa sama da tara kuɗin gyaransu, Fannie Mae da Freddie Mac kuma suka daina sayen bashin sassan da ke cikin ginin da yake bukatar gyara mai haɗari.

Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, a kondo mutum biyu ake yi wa awo, kai da ginin, kuma kana iya cin jarrabawa ginin ya faɗi. Banki zai aika wa ƙungiya takardar tambayoyi. In fiye da kashi 15 na masu sassa sun yi kwana 60 ba su biya kuɗin ƙungiya ba, in shaguna da ofisoshi sun cinye fiye da kashi 35 na ginin, in mutum ɗaya ya mallaki sassa da yawa fiye da kima, in ana shari'a a kan ingancin ginin, in inshorar ginin ba ta wadatar ba, in kasafin shekara bai ware wa asusun gyara abin da ake bukata ba, wanda an daɗe ana sharɗanta kada ya gaza kashi 10, to bashin ba zai samu ba sai a wurin masu tsada, masu neman kafin alƙalami mai yawa. FHA ma tana da nata jerin gine-ginen da ta amince da su, kowa yana iya dubawa a intanet kafin ya wahalar da kansa, ko da yake tun 2019 tana iya amincewa da sashe guda a ginin da ba ya cikin jerin. In banki ya ƙi gini, kada ka yi fushi ka tafi neman wanda zai yarda ko ta halin ƙaƙa. Ka tuna ranar da za ka sayar, mai sayenka ma wannan ƙofar zai tarar a rufe.

Saboda haka, kafin wa'adin janyewa da ke cikin yarjejeniya ya wuce, a nemi kasafin kuɗin ƙungiya, da rahoton masana a kan asusun gyara, da takardar inshorar ginin, da dokokin zama, da kuma, fiye da kome, rubutaccen bayanin tarurrukan shugabannin ƙungiya na shekara ɗaya ko biyu. Wannan na ƙarshen ba shi da daɗin karatu, amma a cikinsa ne za ka ga an ambaci yoyon rufi sau huɗu an ɗage maganar sau huɗu. Sa'an nan ka je da ƙafarka, ba tare da dillali ba, ka sauka ɗakin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa ka ɗaga kai: in ka ga kankare ya ɓare, rodi ya fito ya yi tsatsa, ruwa yana ɗiga an tara masa bokiti, ka ga abin da kasafi bai faɗa ba. Ka tsaya a bakin ƙofa da yamma ka gai da dattijuwar da ta fi kowa daɗewa a ginin, ka tambaye ta yaushe aka yi karo-karon gaggawa na ƙarshe, nawa kuma aka biya. A dokokin zama kuwa a duba ko an yarda ka ba da haya in tafiya gida ta kama ka, a duba adadin mutanen da aka yarda su zauna, domin mu masu baƙi ne, a kuma duba ko ƙungiya tana da haƙƙin riga kowa saye in za ka sayar, abin da ya yi kama da shuf'a. Inshorar ginin ba ta rufe kayanka da cikin sashenka, wannan sai ka yi taka daban.

A Niyok akwai wani nau'in da ake kira ko'of, irin rukunin Co-op City na Bronx mai sassa fiye da 15,000, inda ba sashen kake saya ba, hannun jari ne a kamfanin da ya mallaki ginin, kuma sai an tantance ka an amince kafin ka shiga. Bashinsa daban ne, ba kowane banki yake bayarwa ba.

Idan an amince da kai an amince da ginin, sai a ɗaure farashin ruwan na kwana 30 zuwa 60 a rubuce, don kada kasuwa ta motsa kafin a gama. Mai kimantawa da banki zai turo darajar gidan kawai yake dubawa domin amfanin bankin. Mai binciken lafiyar gini kai ne za ka ɗauko shi ka biya shi, kuma kada a bar shi don tsimin 'yan ɗaruruwan daloli. Tsakanin amincewa da ranar sa hannu kada ka sayi mota, kada ka ɗauki kujeru bashi, kada ka sauya wurin aiki, domin ana sake duba kiredit a kwanakin ƙarshe. Takardar ƙarshe mai shafi biyar dole ta iso hannunka kwana uku na aiki kafin zama, ka ɗauko takardar ƙiyasin farko ka gwada su, duk adadin da ya sauya ka nemi dalili. In saƙo ya shigo ta imel ana cewa an sauya lambar asusun da za ka tura kafin alƙalami, kada ka tura ko sisi sai ka kira ofishin lauyan ko kamfanin rufe cinikin ta lambar da ka riga ka sani tun farko, domin 'yan damfara sun gane wannan gaɓar, kuma kuɗin da aka tura ta waya da wuya su dawo. Ana gobe sa hannu, ko da safiyar ranar, ka koma gidan ka kunna kowace fitila, ka buɗe kowane famfo, ka tabbata gyaran da mai sayarwa ya yi alkawari an yi shi, sa'an nan ka tafi da katin shaidarka da cekin banki in ba ka riga ka tura kuɗin ba, ka ware wa zaman awa biyu, ka karanta kowane shafi kafin ka sa hannu.